Kundin aiki: buɗe wuƙa mai naɗewa da hannu ɗaya

Alhamis, 3 ga Oktoba, 2024

Aikin da na sa a gaba a wannan kaka shi ne in iya zaro wuƙa mai naɗewa daga aljihu, in buɗe ta, in yi yanka, in mayar da ita a rufe, duk da hannu ɗaya kuma ba tare da na kalle ta ba. Dalilin bai wuce irin aikin da muke yi a nan ƙasar Gumel ba. Wanda ya tamke damin riɗi ya danne ƙullin da hagu ba shi da hannun da zai ara wa wuƙa, haka ma wanda ya haɗe bakin buhu yana ɗinki da basilla, ko wanda ya riƙe igiyar rago mai fizga. Abin da aka saba gani shi ne mutum ya ciji bayan ruwan wuƙar ya ja da haƙori, ko ya bar ta a buɗe a ƙasa cikin kara inda yara ke yawo ba takalmi, kuma duka biyun ba su kwanta mini ba.

Wuƙar da na gada a gida Okapi ce, mai ƙotar katako da zobe a baya. An fara ƙera irinta a Solingen ta ƙasar Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Wuƙa ce mai jure aiki, amma domin hannu biyu aka yi ta: sifirin ɗin da ke kwance a bayanta yana danne gindin ruwan, ɗan tsagin da aka yi wa farce kuwa bai ba babban yatsa wurin turawa ba. Saboda haka yau na sayo wata a kasuwar Maigatari, marar suna a jiki, mai ɗan ƙullutun ƙarfe a gindin ruwa ta fuska biyu, da maƙalin aljihu a gefe ɗaya. Makullinta wani siririn fallen ƙarfe ne a cikin ƙota wanda ke tsallakowa ya tokare gindin ruwan idan ya gama buɗewa, kuma a wannan kundi sakata zan riƙa kiran sa. Wani maƙerin wuƙaƙe a Amurka, Michael Walker, shi ya gyara wannan tsari a 1980 har ya zama yadda ake yin sa yanzu.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kafin in fara horar da yatsa na zauna na duba abin da ke riƙe ruwan a rufe. A jikin sakatar, ta fuskar da ke kallon ruwan, an dasa wata 'yar ƙwallon ƙarfe da ba ta fi ƙwayar gero ba, a gindin ruwan kuma an huda mata ɗan gurbi. Idan wuƙa ta rufe sai ƙwallon ta faɗa gurbin, ƙarfin sakatar ya danne ta a ciki, shi ya sa ruwan ba ya zazzagowa a aljihu. Duk nauyin buɗewa yana wajen fitar da ƙwallon nan daga gurbinta. Da zarar ta fita, sauran tafiyar ba ta da wata wahala, tun da babu sifirin a baya da zai yi jayayya da yatsa.

Abu na biyu shi ne inda turi ya dosa, kuma a ganina nan ne gaba ɗayan sirrin yake. Ruwan yana juyawa ne a kan noti ɗaya, don haka ƙullutun ba shi da wata hanya sai ta da'ira. Idan aka riƙe wuƙar a hannun dama, notin yana sama, fuskar da ba ta da maƙali tana kallon mai riƙon, turin da ke aiki shi ne wanda ya nufi hagu, nesa da ƙota, ya ɗan karkata sama. Wanda ya tura ƙullutun kai tsaye wajen notin, notin yake turawa, ba abin da zai motsa. Wanda kuma ya danna shi ciki, wato ya nutsa yatsa a kan faɗin ruwan, yana ƙara matse ruwan ne a jikin sakata, yana ƙara cusa ƙwallon cikin gurbin da yake neman ta fita. Wannan na biyun shi hannu ke yi da kansa duk lokacin da ya ji tauri, kuma shi ke sa mutane su ce wuƙar ta ƙi alhali su suka hana ta.

Na naɗe kaifin da salatif tun daga gindi har tsini. Zama nake yi a tabarma ƙafafu a ware, wuƙar tana gefe ba a kan cinya ba, kuma na yi wa hannuna sharaɗi guda: idan ta suɓuce a bar ta ta faɗi, ba a cafe ta.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Ana tsakiyar yankan riɗi, kuma riƙon ya fara zama. Bayan ƙotar yana kwance a tsakiyar tafin hannu, ƙarshenta ya tokari tudun da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, yatsu uku kuma sun kama maƙalin ta baya. Kawunan yatsun nan ba sa zagayowa har su taɓa bayan ruwan, domin ta nan zai fita, kuma ko ɗan shafarsa suka yi ya isa ya tsayar da shi a rabin hanya. Maƙalin da aka yi domin aljihu ashe ya fi amfani a matsayin madogarar yatsu, saboda idan babban yatsa ya tura gaba dole wani abu ya riƙe ƙotar kada ta bi shi.

Na gwada wurare biyu a jikin babban yatsa. Idan aka ɗora tsokar yatsan a kan ƙullutun, yatsan yakan lotsa, ƙarfin ya watse, a ƙare da danna ruwan ciki. Abin da ya fi shi ne a cusa gefen yatsan, daidai inda farce ya haɗu da nama, tsakanin ƙullutun da bakin ƙota, sannan a miƙe gaɓar yatsan. Da ƙwallon ta fita sai yatsa ya mirgina ya hau kan ƙullutun, ya raka shi zagaye har sakata ta ce ƙas. Rakiyar nan ba a katse ta. Wanda ya ɗauke yatsa kafin ya ji ƙarar ya bar ruwa a buɗe ba a kulle ba, kuma wannan ya fi wuƙar da ke rufe da wadda ke kulle haɗari, domin ido yana ganin ta gama alhali da ta taɓa igiya za ta naɗo kan yatsu.

A ƙarshen zagayen babban yatsa yana wucewa kusa da gindin kaifi. Muddin yana kan ƙullutun ba ya haɗuwa da shi, amma idan ya zame kan kaifin zai sauka, shi ya sa salatif ɗin yana nan tukuna, a gona kuwa Okapi nake aiki da ita.

Talata, 29 ga Oktoba

Na cire salatif. An kakkaɓe riɗin an fara zubawa a buhu, kuma da sabuwar wuƙar na yanke zaren ɗinki yau, hagu tana riƙe da bakin buhu. Buɗewar tana yiwuwa ba tare da kallo ba, sai dai akwai wani wuri wajen rabin hanya da ruwan ke ɗan cijewa yana gurza, kuma wannan ba daga yatsa yake ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Notin da ruwan ke juyawa a kai mai kan tauraro ne, sukudireban gida ba ya shiga, sai na je wajen wani mai gyaran waya a Gumel wanda ke da jerinsu. Mai lamba T8 ya yi daidai da babban notin, T6 kuma ya kama ƙananan na maƙali. Da muka warware sai ga washa biyu na farar roba, ɗaya a kowane gefen ruwan, da baƙin giris da ya cakuɗe da garin ƙarfe tun daga masana'anta. A bakin ramin notin kuma akwai ɗan tsiron ƙarfe da ba a goge ba, shi ne ya tsaga wa washa ɗaya zobe a jiki. Na goge tsiron da lallausan dutsen washi, na wanke komai da kananzir na shanya, na juya washar da ta ji rauni ta ba ruwan lafiyayyen gefenta.

Wuƙaƙen da suka fi wannan tsada ana sa musu washa na tagulla, wasu kuma ana sa musu ƙaramin boris mai ƙwallaye, wanda ke sa ruwa ya fita da gudu. Ni dai a ƙasa irin tamu mai rairayi washa zan zaɓa, domin shi a manne yake da ruwan ba ya barin ƙura ta sami wurin zama, boris kuwa tsakanin ƙwallayensa duk ƙofa ce.

Ɗaurin notin shi ya fi cin lokaci. Idan ya yi tsauri yatsa zai sha wahala, idan ya yi sako-sako ruwan zai riƙa kaɗawa hagu da dama, ya goga jikin ƙota, sakatar ma ta kasa zama wuri ɗaya. Hanyar da na bi ita ce in ɗaure har ruwan ya daina motsi ta gefe ɗungum, sannan in riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan, abin da bai kai kwatan juyi ba, ina gwadawa. Gwajin kuwa shi ne in ture sakata gefe in karkata wuƙar: idan ruwan ya gangaro da nauyin kansa a hankali, kuma da na rufe na ga ya zauna tsakiyar ƙota bai jingina da ko wane ɓangare ba, to an zo wurin.

Na biya ta maƙera na nuna wa dattijon da ke yi mana lauje. Ya naɗe ruwan da tsumma ya girgiza shi ta gefe, ya kanga a kunne ya buɗe ya rufe.

"Ɗana, duk abin da aka ɗaure da noti yana juyawa, wata rana zai kwance kansa. Mu kusa muke bugawa mu daddale kanta."

"Baba, idan aka daddale kuma ƙura ta shiga, ta ina za a buɗe a wanke?"

Ya yi dariya ya ce wannan kuma gaskiyata ce, amma in nemi abin da zai riƙe zaren notin. Akwai wani shuɗin gam da bakanikai ke ɗigawa a kan noti saboda haka, ni kuwa da ban same shi a kusa ba sai na karɓi jan farce a cikin gida na ɗiga kaɗan a kan zaren, na mayar na bar shi ya kwana.

Litinin, 2 ga Disamba

Cijewar nan ta tafi, don haka na koma kan rufewa, wadda a wannan irin makulli ta fi buɗewa neman natsuwa, tun da yatsan da zai ture sakata yana kan hanyar da kaifi zai bi. Ana juya wuƙar kaifi ya kalli sama, babban yatsa ya ture sakata zuwa hagu, manuniya ta ɗora a bayan ruwan ta ɗan tura shi har gindinsa ya wuce bakin sakatar. A nan ake tsayawa a janye babban yatsa gaba ɗaya zuwa gefen ƙota, sannan manuniya ta ƙarasa, ko a jingina bayan ruwan da cinya a ƙarasa da shi.

Akwai wani tarko a wannan mataki da ya kamata mai koyo ya sani tun kafin ya gamu da shi. Bayan ruwan ya wuce sakata da kaɗan, ƙwallon nan takan zo bakin gindin ruwan tana neman hawa, sai a ji wata 'yar turjiya ta biyu. Wanda bai san da ita ba yakan ƙara ƙarfin manuniya alhali babban yatsa bai bar hanya ba, ƙwallon ta hau farat ɗaya, kaifi ya sauko kan farce. Ni wannan turjiya na mayar da ita alama: duk lokacin da na ji ta, lokacin janye yatsa ya yi.

Ba kowane makulli ke da wannan matsala ba. Wuƙar Buck 110, wadda ta fito a 1964, a bayan ƙota ake danna makullinta, sai dai rufe ta da hannu ɗaya yana bukatar cinya ko wani abin jingina. Kamfanin Benchmade kuma ya fito a 1998 da makullin AXIS, wani ɗan sandan ƙarfe da ake ja baya da yatsu biyu daga gefen ƙota, yatsa ba ya shiga gaban kaifi ko kaɗan.

Laraba, 18 ga Disamba

Hunturu ya kankama, kuma ya taɓa wuƙar ya taɓa hannun. Man keken ɗinki da na sa a notin ya jawo ƙura har ana jin gurzarta, sai na sake wankewa, wannan karon na ɗiga ɗigo ɗaya a kan tsinin allura na taɓa kowace washa da kan ƙwallon, na buɗe na rufe har ya ratsa, na goge duk wanda ya fito waje. Man gyaɗa ba ya cikin lissafi, domin yana daskarewa ya yi danƙo ya kama ruwan. Kowace yamma nakan busa cikin ƙotar in share da tsinke, saboda garin harawa da zaren aljihu suna taruwa daidai inda sakata ke zama, kuma idan suka yi yawa sakatar ba ta shiga sosai ko da an ji ƙararta. Yadda nake dubawa shi ne in kalli inda ta tsaya a gindin ruwan: kaurinta duka ya hau, amma kada ta zarce har ɗaya bangon.

Wata safiya sakatar ta riƙa maƙalewa idan an zo turewa. Na goga bakin fensir a fuskar gindin ruwan inda take tokara, ta saki.

Hannun kuwa, gefen babban yatsa ya tsage saboda sanyi, daidai wurin da ke tura ƙullutun. Idan na shafa man kaɗe yatsan yana santsi ya zame, idan ban shafa ba tsagar tana buɗewa. Yanzu da dare nake shafawa, da safe in wanke da sabulu kafin in fita turke.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Kano ya zo da wuƙarsa mai rami a jikin ruwa maimakon ƙullutu, ya bar mini ita in gwada. Kamfanin Spyderco na jihar Kolorado ne ya fara wannan tsari a 1981, a wuƙarsa ta farko, wadda kuma ta zo da maƙalin aljihu, har rundunar sojan Suwizalan ma wuƙar da ta karɓa a 2008 mai rami ce. Da tsagaggen yatsa ramin ya fi daɗi nesa ba kusa ba, domin tsokar yatsan ce ke nutsewa a ciki, bakin ramin ya kama ta ko da akwai maiƙo, kuma babu wani abu da ya tsiro a jikin ruwan da zai sarƙe igiya ko bakin buhu ana cikin yanka. Ƙa'idar turi dai ba ta sake ba, waje da sama ne, a raka har a ji ƙara.

Ɗan'uwan nawa ba haka yake buɗewa ba. Shi yakan ɗana yatsa ya harba ruwan, ya haɗa da fizgar wuyan hannu, wuƙar ta buɗe da ƙara mai ƙarfi. Harbi da yatsa kaɗai, idan noti ya daidaita, ba shi da laifi: ana tara ƙarfi a kan ƙwallon ne har ta saki farat ɗaya, ruwan ya ƙarasa da gudunsa. Fizgar wuyan hannu ce ban yarda da ita ba. Tana buga gindin ruwan a jikin ƙusar da ke tsayar da shi da ƙarfin da ya wuce bukata, tana cusa sakata ciki fiye da wurinta, kuma tana ɓoye lalacin noti, domin wuƙar da sai an fizga take buɗewa wanki take nema. Ga shi kuma hannun da ke fizga ba ya riƙe ƙota da kyau, a wurin da akwai dabba a ɗaure da yaro a tsaye. Tsakanin rakiya da harbi bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, kuma babu damin da zai warware saboda wannan.

Akwai kuma yadda abin ke bayyana a idon jama'a. A Jamus, inda Okapi ta samo asali, tun 2008 doka ta hana yawo cikin mutane da wuƙa mai kullewa da ake buɗewa da hannu ɗaya, sai da dalili karɓaɓɓe irin na sana'a. A nan ma, da yadda daba da ƙwacen waya suka sa kowa a tsorace, wanda ya harba wuƙa a tasha ko a bakin kasuwa ya jawo wa kansa kallon da ba zai so ba. Tawa tsakanin gona da turke da rumbu take.

Lahadi, 26 ga Janairu

Saura abu biyu, zarowa daga aljihu da kuma aiki da hannun hagu. Maƙalin an yi shi ne domin bakin aljihun wando mai kauri, aljihun gefe na rigarmu kuwa yadi ne mai laushi da ke reto, idan aka ja wuƙar sai rigar ta biyo ta. A aljihun wando abin yana tafiya daidai: maƙalin tawa a ƙarshen ƙota yake, tsini yana kallon sama, babban yatsa ya shiga aljihu, sauran yatsu su kama maƙalin ta waje, da ta fito hannu ya ɗan gangara ƙullutun yana ƙarƙashin yatsa. Nakan jingina bayan ruwan da ɗinkin aljihu ta baya, yadda ko ƙwallon ta saki ruwan ba shi da filin buɗewa.

Hagu ta zama dole saboda babban rago ba ya riƙuwa sai da dama. Ɗan ƙanena, wanda bahago ne, ya karɓa ya gwada, nan take ya ce, "Baffa, wannan ai ta masu dama ce." Haka ne kuwa. Da hagu babban yatsa yana faɗawa kan maƙalin, sauran yatsun kuma su rasa madogara a ɗaya fuskar mai santsi. Wajen rufewa ma sakatar jawo ta ake yi maimakon turewa, kuma ɗan yankan da aka yi wa ƙota domin yatsa ya samu shiga yana ɗaya gefen. Shi yaron da manuniya yake ture ta, babban yatsa ya fara tura ruwan, kuma na ga hanyarsa ta fi wadda nake gwadawa tsabta, don haka ita na ɗauka, na mayar da salatif a kan kaifi.

Ƙotar ba ta da ramukan noti a ɗaya gefen da za a mayar da maƙalin. Na cire shi gaba ɗaya, na kai wuƙar wajen baduku ya auna ta domin ya ɗinka mata ɗan kube mai buɗaɗɗen baki da za a rataya a ɗamara, ya kuma manna mata fallen fata mai kaushi a fuskar da yatsun hagu ke zamewa. Ya ce in koma ranar kasuwa.